Mai Dakan Gwangwani

Rakiya ta sauka Jidda a shekarar 1976 ita da mijinta Hamidu, da niyyar su sauke farali su koma ƙauyensu na ƙasar Damagaram kafin damina. Faralin dai an sauke shi. Komawar ce aka ɗan jinkirta, domin Hamidu ya samu aikin ɗaukar bulo a lokacin da garin ke gina kansa kamar ana binsa da gudu, ya ce bari su tara kuɗin jirgi. Yana cikin tarawa zazzaɓi ya kwantar da shi, aka binne shi a ƙasa mai tsarki. Kowa ya taya Rakiya murnar wannan dace. Ba a samu wanda ya taya ta biyan kuɗin ɗaki ba.

Ya bar mata ɗaki guda a wani tsohon gida a Ruwais, inda gishirin teku ke cin bango a hankali, da tabarma, da fasfo wanda ya riga mai shi mutuwa. Iƙama kuwa, takardar nan ta izinin zama, Rakiya ta sha jin labarinta kamar yadda ake jin labarin Aljanna: an tabbatar akwai ta, an kuma ce wasu sun samu.

Babban gadonta ba daga miji ya fito ba, daga uba ne. Mahaifinta malamin allo ne. Bai koya mata karatu ba, don a ganinsa kan 'ya mace yana da kayan ɗauka da yawa ko ba a ƙara masa baƙaƙe ba. Abu guda ya koya mata, ya kuma koyar da shi da tsumagiya: duk abin da aka yi wa rubutun Larabci ba ya kwana a ƙasa, ba a tsallaka shi, ba a taka shi. A ɗauka, a kaɗe, a cusa a ramin katanga, ko a miƙa wa wuta. A ƙauyensu dokar ba ta da wuyar bi, don sai a shekara takarda ba ta faɗo ba. Tsohon bai taɓa zaton 'yarsa za ta ƙare a garin da ake rubuta Larabci a kwalin sabulu da takardar naɗe kifi da buhun siminti ba. Makonta na farko a Jidda, Rakiya ta fi yin ruku'u a titi fiye da a masallaci.

A wancan zamanin lemo a kwalba yake zuwa, kuma kwalba tana da mutunci. In ka sayi lemo a baƙala, wato kantin unguwa, kana so ka tafi da shi gida, sai mai kanti ya riƙe 'yan ƙirshi a kan kwalbar. Ta'min suke kiran wannan. Ka dawo da kwalba, a mayar maka da abinka; motar kamfani ta kwashe, a wanke, a sake cikawa. Tsari ne mai kyau, ya kuma yi aiki har ranar da kuɗin fetur suka shigo, mutanen gari suka gano cewa tafiya baƙala da kwalba a hannu ba ta dace da darajarsu ba. Sai kwalabe suka fara kwana a gindin bango, kowace da rubutunta a ƙirji.

Rakiya ba don kuɗi ta fara tsince su ba. Ta tara su ne a zani, ta rasa ramin katangar da zai ci kwalba, sai ta kai wa Othman, wani mai baƙala a Bagdadiyya, don ta ɗauka Balarabe zai san inda Larabawa ke ajiye irin wannan abu. Othman ya duba kwalaben, ya jera su a akwati, ya zuba mata ƙirshi a hannu. Ta ɗauka sadaka ce, ta yi masa addu'a mai tsawo har da iyayensa. Othman, wanda kamfani zai mayar wa kuɗinsa gobe da safe, ya shafa addu'ar, ya bar ta a haka. Haka suka yi shekaru: ita tana kawo kwalba da addu'a, shi yana karɓar duka biyun a farashin guda.

Daga nan Rakiya ta yanke hukuncinta a kan ƙasar, ba ta kuma sake shi da wuri ba: lalle wannan ƙasar addini ce, tunda har biyan mutum ake yi in ya ɗauke rubutu daga ƙasa.

Sai ci gaba ya zo, a cikin gwangwani. Ba ya fashewa, ba a wanke shi, ba a jiran ya dawo. Ranar da ta fara kai wa Othman, ya ɗaga hannu tun daga nesa.

"Ma fi ta'min, ya Hajja. Halas. Wannan ba a dawo da shi."

"To ina ake kai shi?"

Othman ya nuna mata akwatin sharar baladiyya, wato hukumar gari, da haɓarsa. Ta leƙa. Ga rubutu nan kwance tare da kan kifi da ragowar shinkafa. Ta naɗe hannun riga.

Ta tara gwangwani a ɗaki har ya fara neman korar tabarma, kafin wata maƙwabciya ta kai ta filin Abdulghani, mai sayen tsofaffin ƙarafa da nauyi. Abdulghani haifaffen Jidda ne, jikan wani Bakatsine da ya zo hajji a ƙafa ya ga komawa a ƙafa ba dole ba ce. Hausa a bakinsa kamar rigar aro take, in ta matse shi sai ya tuɓe ya koma Larabci a tsakiyar magana. Ya ɗora buhun a sikeli, ya biya, Rakiya ta samu sana'a ta biyu.

Da aka gina Safa, unguwar benaye da motoci da manyan kantuna, ta gano cewa babu mai shan lemo kamar yaron da aka hana fita rana. Ta kama wani dogon titi a can, mai akwatunan shara a kowace kusurwa. Matan gwangwani ba su da sarauniya, amma suna da doka: titi na wadda ke share shi kowace safiya ne. Kin daina zuwa, ko kin rasa inda za ki sayar, wata ta gaje ki tun kina da rai. Kayan aikin kowa ɗaya ne: ƙugiya, buhu, da tsohon keken tura jarirai da wata uwar gida ta yar. Bambancin guda ne. Kowace mace in ta zaro gwangwani sai ta ajiye a ƙasa ta taka, ya lotse, buhu ɗaya ya ci na buhu biyar. Rakiya ba ta taka. Nata yana shiga buhu yadda kamfani ya haife shi, buhun ma sai ta juya shi ciki waje saboda rubutun shinkafa.

Don haka kayanta kullum girman ɗaki ne, nauyin auduga, ga ƙara. Duk macen da ba ta da iƙama tana ƙoƙarin ta wuce kamar inuwa saboda 'yan jawazat masu kamen marasa takarda. Rakiya tana wucewa kamar ɗaurin aure. Ba a taɓa kama ta ba. Wataƙila jami'an sun ɗauka duk mai irin wannan hayaniya tana da babban kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mata.

Abdulghani ya haƙura da ita shekara da shekaru, don tana kama da kakarsa, kuma don haƙurin ba ya cin masa komai: tana juya baya ma'aikacinsa yake tattake kayan. Wannan Rakiya ba ta sani ba, babu kuma wanda ya ga amfanin ta sani. A 2004 aka kama ma'aikacin aka mayar da shi ƙasarsu, mai babbar motar da ke kwashe kayan kuma ya ce ya gaji da jigilar iska. Nan haƙurin Abdulghani ya tashi da tsada, sai ya ƙare.

"Ya Khala," ya ce mata, wato Goggo a Larabce, "daga Asabar mai zuwa, wanda aka taka kawai nake saye. Wallahi ba ni ba ne, mota ce."

"Ɗan nan, ƙafata ba ta taka Larabci."

"Wane Larabci? Wannan lemo ne, ba mus'hafi ba!" Ya zari gwangwani ɗaya daga buhunta. "Tsaya in karanta miki abin da kike wa hidima. Ruwa. Sukari. Launi. Ƙanshin lemo. A sha da sanyi. Kin ji? Yalla, ga ƙarshensa: an cika shi a masana'antar 'ya'yan Abdul…"

Ya tsaya.

"Abdul wa?" in ji Rakiya.

"Abdulghaffar."

"Shi Ghaffar ɗin wane ne?"

Abdulghani ya dubi gwangwanin, ya dubi tudun da ke bayansa wanda aka daɗe ana takawa da saninsa, ya dubi takalmansa. Ya ajiye gwangwanin a kan tebur, a hankali fiye da yadda ya ɗauko shi. Amma shi ɗan kasuwa ne, tsoron Allah ba ya kama shi ya wuce minti guda a lokacin aiki.

"Allah mai gafara ne, ai kin ji sunan," ya ce. "Mai mota ne ba ya gafara. Asabar, ya Khala."

Babu wani mai saye da za ta iya turawa keke zuwa wurinsa. In Asabar ta zo ba ta da kayan da zai karɓa, titin Safa ya fita hannunta, ɗakin Ruwais ya bi baya. Kuma mai gadon tana nan a shirye. Dela ce, Bakanuwa, wadda ta zo umara ta manta hanyar filin jirgi. Titinta gajere ne, mutanensa masu shan shayi, ta daɗe tana kallon na Rakiya kamar yadda ake kallon nama a kwanon wani. Tana aiki da wasu manyan takalman magina da ta tsinta, in ta taka gwangwani ba ya sake tunawa da siffarsa. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa na kaka da kakanni, Dela kuma ba ta bari ya yi tsatsa.

Washegari da hantsi suka haɗu a bakin titin.

"Yaya Rakiya, baiwata, an ce za ki yi ritaya."

"Wa ya faɗa miki, Bakanuwa? Ko kin ji ne a kasuwar da kuke sayar da iyayenku?"

"Sori fa. Ni tausayinki nake ji. Ki ba ni titin, in riƙa ba ki na goro. Ke kuma ki buɗe makaranta, ki jera gwangwanayenki su yi ta karatu."

"Su sun fi ki karatu. Ko ba komai akwai rubutu a jikinsu."

"Rubutun ne zai biya miki haya?" Dela ta zaro wani gwangwani daga kekenta, ta ajiye, ta ɗora masa takalmi, ƙwaras. "Ga fassararsa nan. Bizines ke nan, Yaya. Masu harshen ma sun zuba shi a shara, ke 'yar Damagaram ce za ki fi su kishi?"

Ita ma Rakiya ta daɗe tana yi wa kanta wannan tambayar. Ta tura kekenta gaba, ƙararsa ta amsa mata.

Ranar Alhamis ta je wurin Malam Na'ibi. Tela ne a Ruwais, yakan ja salla in liman bai zo ba, daga nan sunan ya bi shi, fatawa ma ta biyo sunan. Yana ba da ita ne ƙafarsa na kan keken ɗinki, ga allura a baki. Ta tsaya a bakin ƙofa ta zayyana masa komai, ta miƙa gwangwani don shaida.

Malam ya jujjuya shi. "Ai da sauƙi, Hajiya. Kin ga wannan gefen Larabci ne, wancan rubutun Nasara ne. Ki taka gefen Nasara."

"Allah gafarta Malam, in na taka Nasara ta sama, Larabcin yana ina?"

Malam ya kwantar da gwangwanin a tebur ya gwada. Larabcin ya kifa da fuska a ƙasa. Ya cire allurar daga bakinsa.

"To ki tsayar da shi, ki taka murfin. Murfi ba rubutu."

"Amma ƙafata tana sama, shi yana ƙasa."

"Ki sa safa."

"Malam."

"Hajiya, ina da ɗinkin mutane." Ya koma kan kekensa, ya taka, ya tsaya. "Shi mahaifin naki, me ya ce a kan hannu?"

"Hannu ai shi ke riƙe allo."

"To ki matse da hannu. Allah ya ba da sa'a."

Ta gwada a gida. Gwangwani uku ta lotsa, na huɗu ya tsaga mata tafi. Ta ɗaure hannun da tsumma ta zauna a tsakar gida, tana duban tudun da ya rage, tana duban ƙafarta. Ƙafar tana nan lafiya lau, a shirye, ba ta da ra'ayi. A can kusurwa maƙwabciyarta mai sayar da yaji tana daka barkono, taɓarya na tashi tana sauka. Rakiya ta daɗe tana saurare kafin ta ji abin da take ji.

Ta ari taɓaryar. Ta shimfiɗa kwali marar rubutu, ta tsayar da gwangwani a kai, ta yi bisimilla, ta saki taɓarya a kan murfin. Bugu ɗaya. Macen da ta tashi tana surfen gero tun ba ta kai tsawon turmi ba, gwangwani ba abokin gwajinta ba ne. Ya zauna a kan kansa, ya zama faifai, rubutun duk ya naɗe ya shige ciki. Ta ɗauka ta koma wurin tela.

Malam Na'ibi ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa, bai ga harafi ko ɗaya ba. "Ai laya ma naɗe ta ake yi," ya ce, da muryar wanda tun farko abin da yake nufi ke nan.

Ranar Juma'a mutanen gidan ba su yi barcin rana ba. Wani Bayamane da ke sama ya leƙo ta taga ya tambaya ko biki ake yi, aka ce masa sana'a ce. Asabar da safe Rakiya ta shiga filin Abdulghani da keke shiru kamar na ɓarawo, buhu biyu kacal a kai. Dela na can gefe, ta zo da wuri don ta yi gaisuwar ta'aziyya. Abdulghani ya kwance bakin buhu, ya zaro faifai ɗaya, ya ɗaga shi sama.

"Mashallah. Wace mota ce ta bi ta kai?"

"Ba mota, ba ƙafa," in ji Rakiya. "Ɗora a sikeli."

Ya ɗora. Dela ta matso ta ɗauki ɗaya, ta gwada shi da nata, wanda ya karkace kamar bakin mai kuka. "Damagarawa," ta ce, "komai sai kun mayar da shi fura." Ta ja kekenta ta koma wurin masu shan shayi.

A ranar ne Rakiya ta yi tambayar da ta shekara ashirin tana tsoron amsarta. "Ɗan nan, in mota ta kwashe su, ina ake kai su?"

"Wuta, ya Khala. Narkar da su ake yi."

"Wuta?"

"Wuta sosai."

Ta gyara lulluɓinta. Ashe duk shekarun nan ba bola take bi ba. Aikin mahaifinta take yi, a ɗauka, a kaɗe, a miƙa wa wuta, sai dai nata ya fi nasa yawa, kuma ana biya. Daga ranar ta daina sunkuyar da kai in matan benaye suka leƙo ta.

Ta sayi taɓaryarta ta kanta a hannun wata mahajjaciya, ta ci gaba da daka. Baladiyya ta kafa alluna masu cewa a tsabtace gari, da Larabci, iska ta kayar da wasu, Rakiya ta jingine su. Wajen 2011 Abdulghani, wanda furfura ta fara kama wa gemu, ya ba ta labarin abin da ya gani a talabijin: a Jamus har gwangwani yana da ta'min. Akwai na'ura a bakin kanti, ka saka mata, ta mayar maka da kuɗinka. Amma fa ba ta karɓar wanda aka taka, sai ta karanta abin da ke jikinsa tukuna.

"Su waɗannan suna salla?" in ji Rakiya.

"La, ya Khala. Yawancinsu ba sa yi."

"To wa ya koya musu?"

Abdulghani ya ce bai kalli shirin har ƙarshe ba.

A shekarar ce gwiwar Dela ta gaji da bizines. Ta kumbura, ta ƙi lanƙwasuwa, likitan da ta gani ya ce ta daina duk abin da take yi da ita, shawarar da ta fi dacewa da masu iƙama. Wata la'asar sai ga ta a tsakar gidan Ruwais tana ɗingishi, takalman magina a ƙafa.

"Yaya Rakiya, aron taɓarya na zo. Kada ki ce na tuba, gwiwa ce."

"Na ce wani abu?"

"Fuskarki ta ce."

Rakiya ta shiga ɗaki ta fito da taɓaryar, amma ba ta sake ta ba. Ta san Kanawa, ta kuma yi zamani da kwalba.

"Tuɓe takalman nan ki ajiye."

"Don me?"

"Ta'min. Kin dawo da taɓarya, in mayar miki da abinki."

Dela ta tafi da silifas na aro da taɓarya a kafaɗa. Takalman suna nan bayan ƙofar Rakiya, gizo-gizo ya yi ɗaki a na hagu. Ita Rakiya kuwa ta sake sayen wata taɓaryar.